Da'ira a Shafi na Goma Sha Bakwai

A kan teburin kicin muka ƙulla cinikin, ni da 'yata Orla, ranar ƙarshe ta watan Satumba. Butar shayin da na ƙona tana tsakaninmu, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Da gangan ta ajiye ta a wurin don kada in yi musu.

"Baba, wannan ta uku ce," in ji ta. "Ranar Talata kuma an gan ka a ƙofar coci da kwat ɗin Lahadi. Akwai ɗaki a gidan tsofaffi, tagarsa na kallon teku. Sun ce za su riƙe mana shi zuwa ƙarshen Oktoba."

"Ai daga nan ma ina ganin tekun."

"Likita ya ce..."

"Likita bai ce komai ba. Ya tambaye ni wane wata muke ciki, na faɗa masa, ya kalli silin."

Shekara arba'in da biyar na yi ina dillancin shanu a kasuwannin yammacin Ireland, ni Dermot Furey, kuma na san fuskar mutumin da ya riga ya yanke shawara. Orla ta yanke. Abin da ya rage mini shi ne in samo abin da zan tare ta da shi. Sai idona ya faɗa kan wata takarda da aka zuro ta ƙarƙashin ƙofa, mai hoton kabewa ta yage baki. Gasar laburaren garinmu ce ta kowane Oktoba: littafi goma sha uku na ban tsoro kafin daren Halowin, bikin dodanni na ƙarshen watan. Duk wanda ka mayar, Malama Breda mai kula da wurin za ta yi maka tambaya uku a kansa, in ka amsa ta buga maka hatimi a kati.

"To ga gwaji," na ce. "Mai gigin tsufa ba ya riƙe labari. In na cika katin nan, ki bar ni a gidana. In na kasa, da ƙafata zan shiga motarki."

Ta yi wata 'yar dariya. "Baba, kai da ko jarida sai shafin farashin shanu?"

Na taya littafi bakwai, ta ce albarka. Na taya goma, ta ce ita 'yar dillali ce, kada in gwada mata wannan. Muka tsaya a sha uku, da sharaɗin ni zan riƙa zaɓa, komai sirantar littafin. Na tofa yawu a tafin hannu yadda muke yi a kasuwar shanu, ta yatsine fuska, amma ta miƙo nata muka tafa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na bar makaranta, har yau da yatsa nake bin layi. Mai karatu a gidan nan matata ce, Nuala, Allah ya jiƙanta, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce, a watan Fabrairu. Ita kam labarin fatalwa shi ne abincinta. Sai in dawo daga kasuwa in tarar da ita a kujerarta ta bakin taga, ta naɗe ƙafa, ido ya fito, tana jin daɗin tsoron.

Littafin farko labarin wani tela ne da yake ɗinka likkafani daidai awon mutum tun mutumin yana yawo da ƙafarsa. Kwana biyu na yi a kansa. Malama Breda ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta yi mini tambayoyinta, na amsa, ta buga hatimi.

"Ashe ba shanu kaɗai ke cikin kan nan ba, Dermot."

"Akwai tumaki ma, Malama."

A na biyu na ci karo da alamar. Kowane tsoho a laburarenmu yana da alamarsa da yake sa wa littafin da ya karanta, don kada ya sake ɗauko shi bayan shekara uku ya kai rabi sannan ya gane. Wata tana ja layi a ƙarƙashin kalmar farko, wani yana zana ɗan kifi a bangon baya. Breda ta sani, ta kawar da kai. Ta Nuala da'ira ce da fensir kewaye da lambar shafi na goma sha bakwai, da ɗan ɗigo a ƙasa. Shekara arba'in ina yi mata dakon littattafan nan ina mayarwa, ko ido a rufe na san ta.

Na ɗora yatsa a kai. Daɗi na ji, gaskiya. Na ce ashe ta bi ta nan. Na uku ma akwai, na karanta shi a kujerarta.

Na huɗu sabo ne fil, yana warin takarda. Ina karantawa da hantsi, na juya shafi na sha shida, sai ga da'irar, ga ɗigonta. Har na yi murmushi. Sai wani abu ya ce mini in duba cikin bango, inda Breda take buga ranar da aka sayo littafi. Watan Maris na bana.

Na rufe shi na ajiye a kan gwiwa. Na lissafa da yatsu, na sake lissafawa. Sa'ad da aka sayo littafin nan, Nuala ta fi shekara guda a ƙarƙashin ƙasa.

Ba fatalwa ce ta fara zuwa mini a rai ba. Kaina na fara tsoro. Na tashi na laluba aljihun rigar sanyina, sai ga guntun fensir, kuma ban tuna lokacin da na sa shi ba. Idan har hannuna yana zana alamar matata ni ban sani ba, to Orla ta yi gaskiya, ɗakin nan mai kallon teku nawa ne. Na tsaya a tsakar kicin da fensir a hannu.

Ranar na bi gidan ɗaki ɗaki na tattara duk wani fensir, guda goma sha ɗaya, har da na kafinta da ke cikin akwatin kayan aiki. Na gangara bakin gaɓa na watsa su cikin ruwa. Na biyar babu alama, na ce to shi ke nan. Na shida na kawo gida, na buɗe, tana nan.

Na bakwai a gaban kantar littattafan na buɗe shi, tun ban kai shi teburin Breda ba. Tana nan. Ya kamata hankalina ya kwanta, amma sai na ce, to in jiya na zo na zana na manta fa? Wa zan tambaya? In na ce wa Breda, "Malama, na zo nan jiya?" kafin in isa gida ta buga wa Orla waya, tare suka yi makaranta. In na gaya wa Fada, limamin cocinmu, zai dafa kafaɗata ya yi mini murya mai taushi, irin wadda ake yi wa wanda aka fid da rai da shi. Na haɗiye abina.

"Lafiya, Dermot? Ka yi fari fat."

"Littattafanki ne, Malama. Kin ce na ban tsoro, ba ki yi ƙarya ba."

"Ka rage karatu bayan cin abinci," in ji ta, ta buga hatimi.

Wata Talata ina wurin aka kawo kwalin sababbin littattafai. A gabana ta yanka shi da wuƙa. Na ɗauki wani siriri mai jan bango kamar ina duba hoto, na leƙa shafi na goma sha bakwai. Fes, ko ƙura babu.

"Wannan nake so."

"Sai na sa masa leda. Gobe da safe zai hau kantar littattafai."

Na ce sai jibi zan zo. Ranar Laraba tun da sassafe na hau bas zuwa kasuwar shanu da ke nisan mil talatin. Na wuni cikin tsofaffin abokai, na yi gardama da kowa da gangan don a tuna da ni, ban dawo ba sai da aka rufe laburare. Tikitin bas ɗin na sa shi cikin hulata. Alhamis ƙarfe goma ina bakin ƙofa kafin Breda ta buɗe. Na zaro mai jan bango daga kanta. Na tsallake shafin, na dawo baya.

Da'ira, da ɗigo a ƙasa. Sabuwa, bakin fensir ɗin har ya ɗan kama yatsana.

Na cire hula na duba tikitin, yana nan, da ranar a jiki. Ba ni ba ne. Na yi murna kamar ta minti ɗaya, na rantse har na kusa yin dariya. Sannan na tuna cewa in ba ni ba ne, to saura mutum ɗaya.

Ni ba yaro ba ne. Na kwana a motar shanu a bakin maƙabarta, na wanke gawar mahaifina da hannuna. Amma littafin nan mai jan bango, labarin wata mata ce da ta mutu, kullum mijin ya dawo sai ya tarar an shirya tebur na mutum biyu, ita dai jira take ya ja kujera ya zauna. Na karanta shi bayana jingine da bango, ƙofar waje a buɗe, rediyo yana magana. Na fara tunanin ko Nuala ce take zaɓa mini. Cikin tara da na karanta, bakwai suna da alama, kuma duk bakwai ɗin wani ne yake kiran wani daga can.

Gidan ya canza mini. Da ƙarfe uku na rana haske yake fara ja baya a Oktoba, ruwa yana zuba siriri, kujerarta tana nan a bakin taga da ramin da jikinta ya yi wa katifar. Na daina zama a kai. Na daina juya mata baya ma. In zan je kicin sai in bi ta jikin bango ina kallon ta. Wata rana na dawo daga sayen burodi na tarar da kofi biyu a kan tebur. Mai yiwuwa ni na ajiye, shekara arba'in hannu yana ɗauko biyu. Na tsaya a bakin ƙofa da burodi a hammata, na rasa wanne zan fi so, a ce ni ne ko a ce ita ce. Na juya na koma titi, na zauna a rumfar jiran bas har ruwa ya jiƙa mini takalmi.

Na je kabarinta da tsakar rana. Na ce, "Nuala, in kirana kike yi, ki bari wata ya ƙare. Na yi ciniki da 'yarki." Ba abin da ya motsa sai ciyawa. Na dawo na ajiye littafi na goma a kan firji, ko buɗe shi na kasa.

Orla ta bugo waya. "Baba, nawa yanzu?"

"Tara."

"Saura kwana bakwai fa. Ko in fara kawo kwalaye?"

"Ki kawo, in zuba miki dankali."

Na ajiye waya. Sai na tuna sana'ata. In ana sace maka ciyawa, ba addu'a kake yi ba, kwanto kake yi a rumbu. Ko mutum ko fatalwa, mai zana alamar nan sai ya zo wurin kantar littattafai. Kullum da hantsi nake zuwa in tafi, ban taɓa wuni ba. Washegari na samu kujera a lungu kusa da abin ɗumama ɗaki, na buɗe jarida na rufe fuska, ina leƙen kantar da Breda ta yi wa ado da kabewa da yanar gizo ta auduga.

Ranar farko babu komai sai mata biyu masu gulma. Rana ta biyu wajen ƙarfe ɗaya Breda ta shiga baya ɗumama miyarta, ɗakin ya yi tsit. Na ji ƙofa ta buɗe a hankali, iska mai sanyi ta bi ta ƙafata. Ban ji takun kowa ba. Na ce a raina in na sauke ta na ga koriyar rigar ruwan Nuala, zuciyata a nan za ta tsaya. Na ji an zaro littafi. Na ji ana juya shafi, ɗaya, ɗaya. Sannan na ji ɗan ƙaran fensir a kan takarda.

Na sauke jaridar.

Malachy Tuohy ne, tsohon mai gyaran agogo, ɗan ƙaramin mutum da takalmin roba, tuzuru tun da na san shi. Ya sunkuya a kan littafi, ya gama da'irar, ya ɗiga ɗigo, ya mayar da fensir bayan kunne.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. Na kama wuyan hannunsa.

"Malachy, don uwarka, alamar matata ce wannan."

Ya dube ni, bai yi ƙoƙarin ƙwacewa ba. "Ba tata ba ce, Dermot. Tawa ce."

"Shekara arba'in ina ganin ta a littattafanta."

"Ka taɓa ganin ta tana zanawa?"

Gaskiya ban taɓa ba.

"Sake ni, za ka karya ni," in ji shi. Na sake shi, ya zauna a kan ɗan tsanin da Breda take hawa. "Shekarar da aka haifi Orla ta kawo agogon bango gyara, ta gan ni da littafi. Ta ce ita ta gaji da ɗauko marasa daɗi, ba ta da wanda za ta tambaya. Na ce duk wanda na karanta na ga zai tayar mata da tsigar jiki, zan sa masa alama, ta duba shafi na sha bakwai kafin ta ɗauka. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. In mun haɗu a coci, in ya yi daɗi ta gyaɗa kai, in bai yi ba ta tura baki."

Na san tura bakin nan. Na sha ganin sa a coci, ina zaton huɗubar Fada ce ba ta yi mata ba.

"To ta mutu, Malachy. Wa kake zana wa?"

Ya shafa gwiwarsa. "Hannu ya saba. In na gama mai kyau sai in ce, da ta so wannan."

Na kalle shi yadda nake kallon mai sayar da saniya, ido cikin ido, na jira ya ƙifta. Bai ƙifta ba. Da ƙarya yake yi da na san abin da zan yi da shi. Gaskiyar ce ta fi zafi. Ina can kasuwanni ina cika baki a kan bijimai, a gida kuwa abin da yake sa idon matata walƙiya, wannan ɗan tsurut ne yake zaɓa mata shi, ni kuma ina dakon littattafan a ƙarƙashin hammata kamar jaki. Tsoron da ya riƙe ni mako uku ya sake ni, wani abu ya maye gurbinsa.

Amma ni dillali ne. Ko raina a ɓace yake, ina ganin ciniki in ya gitta.

"Duk na kan kantar nan ka karanta?"

"Wasu sau biyu."

"Saura mini huɗu, kwana biyar. Ko ban yi barci ba ba zan iya ba. In na kasa, Orla za ta kai ni gidan tsofaffi. Za ka zo gidana ka ba ni labarinsu, da sunaye da komai, har in haddace."

"Wannan ai maguɗi ne, Dermot."

"Shekara arba'in kana aika wa matar mutum saƙo, yau ka san maguɗi?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A ina take zama in tana karatu?"

Kwana huɗu yana zuwa da la'asar. Na ba shi kujerarta, tunda ni dai na daina zama. Ya iya ba da labari, tsinannen, murya ƙasa ƙasa, har sai na riƙa waiwaye. Yana gamawa sai ya yi mini tambayoyi irin na Breda, in na kuskure ya ce, "Kai dai shanu," mu sake daga farko. Ban kuskure da yawa ba.

A na ƙarshe, ranar Halowin da rana, Breda ta riƙe hatimin a sama ba ta buga ba.

"Littafi huɗu a kwana huɗu, Dermot? Kuma ra'ayinka a kan ƙarshen wannan, kamar na taɓa jin sa a bakin wani."

"Masu ilimi kan yi tunani iri ɗaya, Malama."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta buga.

Orla ta iso da yamma, yara sun fara yawo a titi da fuskokin dodanni. Ta ƙirga hatiman da yatsa, ta sake ƙirgawa, ta ce, "Sai wata shekarar, Baba." Ta mayar da kwalayenta cikin mota.

To ga yadda cinikin ya tashi. Orla ta faɗi, ko da yake na ga kamar ta sauke wani nauyi da ta juya mota, kuma har yau ba ta san tara kawai na karanta ba. Ni na ci gidana, in Allah ya kai mu baɗi a sake zama. Wanda ya fi kowa riba Malachy ne. Bai sa komai ba, ga shi duk Alhamis yana cikin falona, yana shan shayina, yana kiran sunan matata yadda ya ga dama. Asarar kuwa tawa ce, don a farkon wata ni kaɗai na san Nuala, a ƙarshensa mu biyu ne, kuma ban tabbata kasona ne babba ba.